Tsofaffin kwalaben Rumawa: da me aka haɗa su, yaya kuma aka hura su?

Ɗan Maƙera, Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawa da malaman da ke wannan zaure, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ni maƙeri ne, ƙira kuma gadon gidanmu ce. Kalme da garma da lauje su hannuna ya saba da su tun ina yaro mai zuga wa mahaifina wuta. Tambayar da na zo da ita ba ta ƙarfe ba ce, amma ta wuta ce, shi ya sa ta hana ni sukuni.

Makonni uku da suka wuce ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya zo hutu, ya nuna mini hotunan wasu kwalabe a wayarsa, ya ce na zamanin daular Rum ne, wasunsu sun kusa shekara 2,000 a duniya. Akwai wata 'yar ƙarama mai dogon wuya siriri kamar sillen kara, cikinta zagaye kamar ƙwan zabo, jikinta kuma yana sheƙi da launuka irin na wuyan tantabara. Ya ce da baki aka hura ta ta cikin bututun ƙarfe, kuma da yashi da kanwa aka haɗa gilashin. Ban ƙaryata shi ba, amma zuciyata ba ta natsu ba, domin na san yashi a wuta. Muna barbaɗa shi idan za mu haɗe ƙarfe biyu, ban kuwa taɓa ganin ya zama garau kamar ruwa ba.

Sai na ce bari in gwada da hannuna. Na tara fasassun kwalaben lemo, farare da koraye, na daddaka su, na zuba a wani tsohon kasko mai kauri, na tura shi cikin gawayin ƙirya, yarona ya yi ta zuga har gumi ya jiƙa masa riga. Bayan kusan sa'a guda gilashin ya yi ja, ya kwanta, ya yi danƙo kamar alewar da ba ta gama daskarewa ba. Na sa bututun ƙarfe na ɗebo kaɗan da ƙyar, na hura iya ƙarfina. Ya ɗan kumbura, bai kai girman goriba ba, sai ya sandare a bakin bututun tun kafin in sake jan numfashi. Na ɓalle shi na ajiye a ƙasa kusa da uwar maƙera, na juya zan wanke hannu, sai na ji ƙas, ya tsage gida uku ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Ina roƙon masana su taimaka mini. Shin kanwar da ake nufi ita ce wadda matanmu ke sa wa a miyar kuka da wake? Me ya sa nawa ya fashe shi kaɗai, alhali nasu ya daɗe haka a cikin ƙasa? Yaya kuma mutum zai hura abu mai wannan zafi har ya yi masa wuya da baki da mariƙi, ba tare da injin ko lantarki ba?

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Maƙeri, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ƙanenka ya faɗa gaskiya ne, sai dai akwai abu na uku da bai ambata ba, wanda kuwa in babu shi da kwalbar nan ba ta kai ga idonka ba.

Yashi mai tsabta shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 na ma'aunin Salshiyos, abin da wutar itace ba ta iya kaiwa. Aikin kanwa shi ne ta sauko da wannan zafi zuwa wajen digiri 1,000 ko 1,100, inda tanderu mai kyau zai iya riƙewa. Masu haɗa gilashi a zamanin Rum sun fi samun tasu daga Wadin Naɗrun da ke Masar, tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, inda wasu tafkuna ke janyewa da rani su bar farin ɓawo a bakin gaɓa. Dangi ɗaya take da kanwar da ake kawo mana daga wajen Barno da Nijar, domin sinadarin soda ne ƙashin bayansu duka. Bambancin yana wajen tsabta. Kanwar da ta cika ƙasa da gishiri za ta ba da gilashi mai dauɗa da kumfa. Abu na uku shi ne farar ƙasa. Gilashin da aka yi da yashi da kanwa kawai, ruwa yana cinye shi a hankali har ya lalace. Rumawa sun samu farar ƙasar ne a cikin yashin kansa, saboda yashin gaɓar tekun Sham cike yake da ɓarɓashin ɓawon ƙumba da katantanwa. Da masana suka auna gilashin wancan zamani sun tarar kusan kashi 70 cikin 100 daga yashi ne, soda kashi 15 zuwa 20, farar ƙasa kuma ba ta cika wuce kashi 8 ba.

Marubucin Rum ɗin nan Filini Babba, wanda ya mutu a aman wutar dutsen Besubiyos a shekara ta 79 Miladiyya, ya kawo wani labari da zai yi maka daɗin ji. Ya ce wasu fataken kanwa ne suka sauka a bakin kogin Belus, kusa da garin Akka da ke gaɓar tekun Sham, za su yi girki ba su samu duwatsun murhu ba, sai suka ɗora tukwanensu a kan curin kanwar da suke ɗauke da ita, da wuta ta kama sai suka ga wani ruwa mai haske yana malala daga yashin. Ni dai ban yarda haka ta faru ba, kai ma da ka san tazarar da ke tsakanin wutar girki da wutar maƙera za ka gane dalili. Amma labarin ya riƙe gaskiya biyu, wato wurin da ake ɗiban yashin da kuma abin da ake haɗa shi da shi.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne, mai hura kwalba a Rum ba shi ne mai haɗa gilashi ba, kamar yadda maƙerin yau ba shi ke fitar da ƙarfe daga tama ba. Sana'o'i biyu ne. A gaɓar Sham da Masar ake gina manyan tanderu masu kama da kwarami, a loda yashi da kanwa tan-tan, a yi kwanaki ana ba su itace dare da rana, sannan a bar su su huce, a rushe rufin, a farfasa dunƙulen gilashin da guduma, a loda a jiragen ruwa zuwa Italiya da Faransa da sauran sassan daular. A can ƙananan masu sana'a ke sake narkar da shi su hura. A Bet Shearim, a arewacin Falasɗinu ta tarihi, har yanzu akwai wani falalen gilashi guda ɗaya mai nauyin kusan tan 9, tsawonsa ya haura mita 3. Masana sun saɓa kan zamaninsa, wasu sun ce ƙarni na 4 ne, wasu sun ce na 9, amma sun gano dalilin da ya sa masu shi suka bar shi a inda yake. Farar ƙasa ce ta yi masa yawa, ya fito dushi-dushi ba ya aikatuwa, itace da wahalar kwanaki suka tafi a banza.

Game da fashewar naka, ba laifin hannunka ba ne. Gilashi ba ya watsa zafi da sauri kamar ƙarfe. Da ka ajiye shi a ƙasa mai sanyi, bayansa ya huce ya tsuke alhali cikinsa yana nan da zafi, sai ɓangarorin biyu suka yi ta ja-in-ja har ya tsage. Saboda haka kowane mai hura gilashi, na da da na yanzu, yana da wani ɗaki a jikin tanderunsa mai zafin wajen digiri 500, inda yake ajiye abin da ya gama ya huce sannu a hankali na sa'o'i masu yawa. Sandarewar da ya yi maka da wuri kuma tana da dalili biyu. Wutar maƙera tana dukan wuri ɗaya ne, ba ta rufe kasko ta kowane gefe, sannan gilashin kwalbar lemo an haɗa shi ne don injin, an rage masa soda an ƙara masa farar ƙasa domin ya daskare nan take. Na Rumawa ya fi jinkiri, yana ba mai hura lokaci.

Kafin a gano hurawa, fiye da shekara 1,400 ana yin ƙananan kwalabe a Masar da Iraƙi ta wata hanya mai cin rai. A cura yumɓu da kashin dabbobi a bakin sandar ƙarfe da siffar da ake so, a naɗe shi da narkakken gilashi, idan ya huce a ƙwaƙule yumɓun ta baki.

Hajiya Mai Turare, Jega

Sallama ga jama'a baki ɗaya. Malam, Allah ya ƙara basira. Da na karanta ƙarshen bayaninka sai na ajiye wayar na yi shiru, domin abin da ka siffanta aikin masu tandu ne sak, fata kawai aka musanya da gilashi. Kakata ta wajen uwa tana da tanduna uku a ɗakinta, babba na man shanu, matsakaici na man shafawa, da ɗan ƙarami na kwalli mai murfi da igiyar rataya. Na taɓa raka ta wurin mai yin su ina yarinya. Yakan gina siffar da yumɓu ya shanya ta bushe, ya jiƙa fata ya kankare ta har ta yi laushi, ya riƙa manna ta a jikin yumɓun yana shafewa da yatsa. Idan ta bushe ta sandare sai ya bubbuga ta da ɗan itace, yumɓun ya farfashe a ciki, ya zazzage shi ta baki. Kowane tandu sai an gina masa nasa yumɓun, kuma sai an fasa shi. Don haka na fahimci abin da ya sa kwalbar da aka yi ta wannan hanya ba za ta taɓa yin araha ba.

Ni kuma ina da abin da zan ƙara daga wajen sana'ata, shekara 19 ke nan ina haɗa humra da turaren mai. Duk mai wannan aiki ta san cewa roba tana shan ƙamshi, ta kuma ba turare nata warin, tandu da ƙwarya suna tsotse mai, kwanon ƙarfe kuma yakan juya wa wasu turaruka launi. Kwalba ce kaɗai za ka zuba mata humra ka toshe, ka ajiye wata shida, ka buɗe ka tarar da abin da ka zuba, ya ma ƙara nuna. Idan ka wanke ta da kyau kuma sai ta manta da abin da ta taɓa ɗauka. Ina ganin mutanen da suka fara samun kwalba mai araha ba kyanta ne kawai ya ja su ba, wannan amanar tata ce.

Tambayata ga masana tarihi ita ce, waɗannan kwalabe na sarakuna da attajirai ne kaɗai, ko talaka ma yana iya saye? Sannan 'yata ta ce ta karanta cewa ƙananan masu dogon wuya, irin wadda Malam Maƙeri ya gani, hawayen masu makoki ake tarawa a ciki a binne da mamaci. Ni da na dubi hoton, idona na mai turare ya ce mini kwalbar turare ce, domin dogon wuya siriri amfaninsa shi ne ya hana ƙamshi gudu, ya kuma sa mai ya riƙa fita ɗigo-ɗigo.

Ɗalibin Tarihi, Yauri

Hajiya, idonki ya gani daidai. Maganar hawaye zato ne na Turawan baya da suka riƙa tono kwalaben a kaburbura. Da aka binciki ragowar abin da ke manne a cikinsu, mai da turare da kayan kwalliya aka samu. A Falasɗinu ta ƙarshen zamanin Rum har akwai masu bututu biyu a manne, waɗanda aka samu wasunsu da ragowar kwalli da ɗan tsinken shafa shi. Maganarki ta ƙamshi kuma wani marubucin Rum na ƙarni na 1, Fetroniyos, ya riga ya sa ta a bakin wani attajiri, wanda ya ce ya fi son kofin gilashi saboda ba ya wari, kuma da ba ya fashewa da ya fifita shi a kan zinariya.

Ina neman izinin Malam in gyara wani abu da ke cikin tambayar tun farko. Muna cewa gilashin Rumawa, amma ba mutanen birnin Rum ne suka gano hurawa ba. Mutanen Sham ne, wajen tsakiyar ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Shaida mafi tsufa an same ta ne a tsohon birnin Ƙudus, a cikin sharar wani wurin aiki, inda aka tono ƙananan bututun gilashi da aka toshe bakinsu ɗaya, aka gasa, aka hura ta ɗaya bakin har suka kumbura suka zama 'yan kwalabe. Wato da farko gilashin kansa ne bututun, daga baya aka koma ɗibar narkakken gilashi da bututu na daban. Abin da Rum ta kawo shi ne kasuwa. A zamanin sarki Agustus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin Miladiyya zuwa ta 14 Miladiyya, tekun Bahar Rum gaba ɗaya ya koma ƙarƙashin hukuma ɗaya, hanyoyi suka buɗe, masu sana'a daga Sham suka bazu zuwa Italiya, daga baya garuruwa irin su Akwiliya ta Italiya da Kolon ta ƙasar Jamus ta yau suka yi suna da wannan aiki.

Amsar tambayarki ta farko tana nan. Masanin ƙasa Istirabo, wanda ya rayu a zamanin Agustus, ya rubuta cewa a birnin Rum ana iya sayen kofin gilashi da kwabon jan ƙarfe guda. A garin Fomfei, wanda toka ta binne a shekara ta 79, an samu kayan gilashi a gidajen masu hali da na talakawa. Akwai ma lissafi a rubuce. A shekara ta 301 sarki Diyokilishiyan ya fitar da dokar ƙayyade farashi, a ciki an sa laba ɗaya ta Rum, kimanin giram 327, ta ɗanyen gilashin Iskandariyya a kan dinari 24, na yankin Yahudiya da ke Falasɗinu mai kore-kore a kan 13, kofuna da kwanonin da aka gama kuma 30 da 20. Dinarin wancan lokaci ƙaramin kuɗin lissafi ne, ba na zinariya ba, kuma a wannan doka ladan ɗan ƙodagon gona na yini guda dinari 25 ne tare da abinci. Ke nan da aikin yini ɗaya mutum zai iya shiga gida da kwanon gilashi. Ku lura kuma da awo ake sayar da shi, tazarar da ke tsakanin ɗanye da gamamme kuwa ba ta da yawa, abin da ke nuna cewa mai hurawa sai ya yi da yawa cikin sauri kafin ya ci riba.

Wajen farkon ƙarni na 1 Miladiyya aka ƙara wata dabara, wato hurawa a cikin mazubi. Akan sassaƙa zane a cikin wani gida na yumɓu ko dutse mai ɓangare biyu ko uku, a sa kumburarren gilashi a ciki a hura, ya cika gidan ya ɗauki zanen, a buɗe a fitar, a sake rufewa don na gaba. Bambancinsa da yumɓun mai tandu ke nan, Hajiya, shi wannan ba a fasa shi. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Eniyon, wanda ake danganta shi da garin Saida na ƙasar Labanan, yana kuma sa sunansa da harshen Girka a jikin kofunansa cewa shi ya yi su. Ta wannan hanya aka riƙa yin kwalabe masu kusurwa huɗu na mai da sauran kayan ruwa, waɗanda ke jeruwa a akwati ba tare da ɓata wuri ba. Fasasshen gilashi ma bai zama shara ba. Mawaƙin Rum Marshiyal ya ambaci masu yawo a unguwanni suna karɓar fasassun gilasai suna ba da tsinkayen farar wuta na kunna murhu, kamar dai yadda 'yan gwangwan ke yi a garuruwanmu.

Akwai na alfarma, ba shakka. Tulun Fotland da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan shuɗi ne mai duhu da aka lulluɓe da farin gilashi, aka sassaƙe farin har siffofin mutane suka fito. Wani mutum ya farfasa shi a 1845, aka sake harhaɗa shi. A can kuma akwai kofin Laikurgus na ƙarni na 4, wanda yake kore idan haske ya faɗo masa ta gaba, ya koma ja idan hasken ya ratso ta bayansa, saboda ƙurar zinariya da azurfa da ke cikinsa wadda ido ba ya gani. Amma a ganina abin mamakin bai kai na kwalbar man talaka ba, domin sarakuna sun mallaki gilashi mai kyau tun zamanin Fir'aunoni, hurawa ce ta kai shi ɗakin matar manomi. Kayan sun tsallako har cikin Sahara. An tono gilashin Rum a kaburburan Jarma da ke yankin Fazzan na Libiya, yankin da daga baya ayarinsa ke saukowa ta Bilma zuwa Barno.

Ɗan Maƙera, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, bayaninka kan hucewa ya warware mini abin da ya fi damuna, kuma na ga inda sabo ya kai ni. Mu a wurinmu idan muna son lauje ya yi ƙarfi, da zafinsa muke tsoma shi a ruwa, saboda haka ban taɓa kawo wa raina cewa akwai abin da sanyin gaggawa ke kashewa haka ba. Hajiya, ni ma na san tandu, mahaifiyata tana da na kwalli har yanzu.

Sai dai saura abu biyu. Idan kwalba tana manne da bututu ta wajen wuyanta, ta yaya ake gyara bakin har ya yi sumul ya naɗe, tunda nan ne bututun yake riƙe? Na kwana ina juya wannan a raina ban samu mafita ba. Sannan launukan nan masu kama da wuyan tantabara, wane sinadari suke zubawa su same su? Idan ana samunsa a kasuwa ina so in sani.

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi

Na karɓi gyaran ɗan'uwanmu na Yauri, gaskiya ya faɗa, Sham ce mahaifar wannan dabara.

Malam Maƙeri, tambayarka ta farko tambayar mai sana'a ce, kuma amsarta sandar ƙarfe ta biyu. Ga yadda aikin yake tafiya. Ana fara gasa bakin bututun har ya yi ja, domin gilashi ba ya kama ƙarfe mai sanyi, ina kuma zaton wannan na cikin abin da ya ba ka wuya wajen ɗiba. Sai a tsoma shi a kasko ana murzawa, gilashin ya naɗu kamar yadda zuma ke naɗuwa a tsinke. Daga nan hannu ba ya daina juya bututun ko na ƙiftawar ido, in ba haka ba gilashin ya zubo gefe ɗaya. A mirgina shi a kan shafaffen dutse ya daidaita, bayansa ya ɗan yi fata, sannan a hura. Ba ƙarfin huhu ake bukata ba idan zafin ya kai, numfashi kaɗan ya isa, iskar da ta shiga ma tana ƙara buɗewa da kanta saboda zafi. Idan ana son dogon wuya sai a sunkuyar da bututun ƙasa ko a riƙa lilo da shi, nauyin gilashin ya ja kansa, a matse wuyan da awartaki. Duk lokacin da ya fara sandarewa sai a mayar da shi bakin tanderu.

Idan jiki ya gama, mataimaki yakan kawo sanda da ɗan narkakken gilashi a bakinta ya manna a gindin kwalbar. Sai a ɗiga ruwa ko a taɓa ƙarfe mai sanyi a wuyan, a ɗan ƙwanƙwasa bututun, ya rabu. Yanzu kwalbar tana riƙe ta gindi, bakinta a sake. A gasa bakin, a buɗe shi, a naɗe leɓen ciki ko waje. Mariƙi kuma ɗigon gilashi ne mai zafi da ake sauke wa a kafaɗa, a ja shi sama a manna a wuya. A ƙarshe a ɓalle sandar, ta bar tabo a gindi kamar cibiya. Ka ce wa ƙanenka ya nemo hotunan da ke nuna gindin kwalaben, za ka ga wannan tabo a da yawa daga cikinsu. Waɗanda ba su da shi, sau da yawa ɓalle bakin kawai aka yi aka goge shi da dutse. An ma samu wasu fitilun yumɓu na ƙarni na 1 masu hoton ɗan ƙaramin tanderu da mutum zaune a gabansa yana hurawa.

Launin wuyan tantabara kuwa ba a kasuwa yake ba, kuma mai kwalbar bai taɓa ganinsa ba. Aikin ƙasa ne. Danshi yana tsotse soda daga fatar gilashin shekara bayan shekara, ya bar ɓawo siriri bisa siriri, haske ya riƙa karyewa a tsakaninsu kamar yadda yake yi a kan man fetur da ya zuba a ruwa. Ɓawon yana ɓarewa idan aka kankare shi. Launin da gilashin ke fitowa da shi daga tanderu shi ne shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, saboda ƙarfen da ke cikin yashi. Idan suna son shuɗi mai duhu sai su sa ma'adinin kobal, jan ƙarfe yana ba da kore ko shuɗi mai haske, ma'adinin manganis yana ba da shunayya. Idan kuma fari garau ake so, sai a sa ma'adinin antimoni ko manganis kaɗan su kashe koren, irin wannan ne ake ganin dokar farashin ta kira na Iskandariyya. Wajen ƙarni na 9 masu wannan aiki a ƙasashen Musulmi suka bar kanwar Masar suka koma tokar wasu tsirrai masu gishiri, wanda duk mai yin sabulun salo zai gane hikimarsa.

Ba sai ka tsallaka teku ba kafin ka ga narkakken gilashi a hannun gwani. A Ile-Ife an tono shaidar cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 ana haɗa gilashi da kayan ƙasar. A Bida kuma, unguwar Masaga, har yanzu ana narkar da kwalabe a tanderun yumɓu da zuga-zugi ana yin duwatsun wuya da awarwaro. Su naɗawa suke yi a sandar ƙarfe, ba hurawa ba, amma ginin tanderu da sarrafa wuta da hucewa duk za ka gani da idonka, kuma ta Yauri da Kontagora hanyar ba ta gagara ba.

Idan za ka sake gwadawa kafin nan, ka zaɓi kwalabe iri ɗaya launi ɗaya, domin gilasai mabambanta ba sa tsukewa tare. Ka gina wa kaskon rufi na yumɓu mai ƙofa ɗaya yadda wuta za ta kewaye shi, toka kuma ba za ta faɗa ciki ba. Ka kare idonka, ka nisantar da yaron daga bakin ƙofar, kada kuma ka kuskura ka ja numfashi ta cikin bututun. Abin da ka samu, ko bai fi goriba ba, ka tura shi nan take cikin tukunyar da ka cika da toka mai zafi, ka rufe, kada ka buɗe sai gari ya waye. Ka dawo ka gaya mana ko ya kwana lafiya.